Wayar da Adda Ta Saya wa Inna

A gidanmu ba a kiran sunan Adda. Mu ƙannenta Adda muke cewa, wato Yaya, a ofis kuma Malama Juwairiyya ce. Inna kuwa, wadda ta haife ta, ban taɓa jin sunan ya fito daga bakinta ba. In ta kama dole sai ta ambace ta, sai ta ce "ta Ringim", don can aka kai Adda tun da aka yaye ta, wajen ƙanwar mahaifinmu. 'Yar fari ce, mu kuma Fulani ne. Fulatancin ya tsere mana tun kafin a haife ni, shanun ma sun kusa ƙarewa, amma kunyar ɗan fari tana nan ba ta je ko'ina ba.

In suna tsakar gida ɗaya, Inna ta juya gefe, Adda ta sa ido a bango, magana kuma sai ta biyo ta kaina, ni auta.

"Auta, tambayi ta Ringim ko yaran sun warke."

"Auta, ki ce sun ji sauƙi."

Suna jin juna sarai. Ni dai nakan maimaita, don in ban maimaita ba kamar ba a yi maganar ba ne.

Adda ta dawo Dutse a shekarar da aka ba mu jiha, lokacin da ma'aikata suka yi ta kwararowa daga Kano da katifu a saman mota. Ta samu aikin buga tafireta a sakatariya, ta yi aure, ta zauna a gidajen ma'aikata. Doguwa ce, ba ta da jiki, tana tafiya da sauri kamar an aike ta. Da mahaifinmu ya rasu, komai na gidanmu ya koma kanta: buhun gero, maganin gwiwar Inna, karatuna har jami'a. Ba wanda ya ɗora mata. Ba kuma wanda ya zaunar da ita ya ce an gode.

Ina sakandare wasu mutum biyu suka zo da tsani da wata takarda mai hatimi, suka ce ana bin gidanmu kuɗin wuta, in ba a biya nan take ba za su hau su yanke. Inna har ta fara kwance bakin zane sai ga Adda ta shigo. Ta karɓi takardar, ta juya ta gaba da baya, ta ce ba komai, su zo su tafi ofishinsu tare, a can za ta biya. Suka ce bari su ɗauko babur a bakin titi. Tsanin yana zaurenmu har yau, da shi muke hawa shanya kuɓewa.

Abin da Inna ta ce a ranar shi ne, "Auta, ki dama wa ta Ringim fura, ki ƙara mata nono."

Adda ta shanye furar tana kallona. A lokacin kaina yana cinyar Inna tana yi min kitso.

"Ke dai kin ji daɗi," in ji Adda. "Ƙatuwa da ke, ana tsefe miki kai a cinya."

Da dariya ta faɗa, amma idonta yana kan yatsun Inna, bai ɗauke ba sai da aka gama layin.

Abu ɗaya ne yake tafiya daga Inna zuwa Adda ba tare da ya biyo ta bakina ba: man shanu. Inna tana da saniya ɗaya da ta rage mata, Wule, mai farin goshi, tana wajen ƙaninta Kawu Idirisu a wata ruga ta bayan Jahun. Kowa a dangi ya san asalinta. Jikar karsanar da mahaifin Inna ya bayar ce ranar sunan Adda. Adda ba ta taɓa cewa tata ce ba, Inna ma ba ta taɓa cewa ba tata ba ce. Amma duk sanda Kawu ya aiko da nonon Wule, Inna da kanta take kaɗa shi, ta kwashe man, ta wanke, ta cika wani ƙaramin kwano mai murfi, ta ajiye a bakin zaure ranar Juma'a. Adda in za ta tafi sai ta sunkuya ta ɗauka. Mijinta ya taɓa gaya min ko baƙo ba ta zuba wa man nan.

Wayar salula ta iso Dutse 'yan shekaru bayan an ƙaddamar da shari'a. Lokaci ne da kowa ya gyara zaman hularsa, mata muka ƙara tsawon hijabi, har maƙaryata suka koyi doguwar sallama. Ni na gama jami'a a Kano, ina gida ina jiran a tura ni bautar ƙasa. Adda ta sayi waya biyu, ɗaya tata, ɗaya ta Inna. Ta ba ni ta Inna a cikin kwali, ta ce in koya mata koren maɓalli da jan maɓalli, in kuma buɗe mata sifika tunda kunnenta ya fara nauyi.

Ba ta faɗa min abin da take nufi ba, amma na gane. A waya ba a haɗa ido. Ba tsakar gida, ba maƙwabta. Ta ɗauka wataƙila a nan kunyar za ta ɗan sassauta.

Ranar farko ta kira da la'asar. Na duba na ce, "Inna, Adda ce." Inna ta janye hannunta kamar na miƙo mata garwashi.

"To ki ɗauka mana. Tambaye ta me ya faru."

Ba abin da ya faru. Adda ta ce in ce tana gaishe ta, ta kashe. Ta sake gwadawa wasu ranaku, duk haka aka yi. Daga nan ta daina.

Sai Saifuddeen ya fara kira.

Ya ce shi ma'aikaci ne a kamfanin waya, sashen kula da iyaye. Muryarsa mai sanyi ce, ba ya gaggawa. Yakan gaishe da Inna tun daga kwana har gajiya har dabbobi, ya tambayi gwiwarta ta dama da ta hagu daban-daban. Ya ce shi ma Bafulatani ne, kakarsa 'yar ƙasar Jahun ce, uwarsa ta rasu yana ƙarami, muryar Inna kuma sak tata. Sai da ya yi ta kira ba ya neman komai, sannan wata rana ya yi kabbara ya ce layin Inna ya ci kujerar Makka a gasar da kamfani ya shirya wa tsofaffi.

Inna ta yi sujada a tsakar gida, a kan ƙasa, ba tabarma.

Da farko ɗan kuɗin rajista ne, kuma da katin waya ake biya. Maƙwabciyarmu Larai, mai sayar da kati a ƙofar gidanta, ita take kankarewa ta karanta masa lambobin. Kuɗin awakin Inna ya tafi a haka. Na ce mata, "Inna, wannan fa damfara ce, a Kano an yi wa mutane da yawa." Ta dube ni ta ce, "Karatun naki zargin bayin Allah ya koya miki?" Ni ban iya musu da manya ba. Na sunkuyar da kai.

Adda ba daga bakina ta fara ji ba. Wata Juma'a ta shigo zaure da ledar maganin gwiwa, ina biye da ita da ɗan buhun shinkafa, sai ta tsaya cak. Daga tsakar gida dariyar Inna ce take tashi, irin wadda take sa ta tari.

"Kai Saifuddeen, Allah ya shirye ka! To ka ci abinci kuwa? Kar ka zauna da yunwa saboda aikin mutane, ɗan nan."

Adda ta juyo a hankali.

"Da wa take magana?"

"Wani ne, wai daga kamfanin waya."

"Sunansa take kira?"

Ba ta tambayi abin da yake so ba. Sai da muka koma gidanta na zayyana mata komai, kujerar Makka da katunan da awakin. Ta saurara tana cire ɗankunne. Ta karɓi lambar ta kira da wayarta. Yana jin murya ba ta tsohuwa ba ya kashe.

"Ɓarawo ne," ta ce. "Wannan ko yaron goye ya sani." Ta ajiye wayar. "Kullum yake kira?"

"Kusan kullum."

"Suna daɗewa?"

Na ce suna ɗan daɗewa.

"Me take ce masa? Ba maganar Makka ba. Sauran."

Na gaya mata abin da na ji: labarin rugarsu ta yarinta, yadda ake tashi da shanu in ruwa ya ja baya, wani bijimi da ya taɓa kora ta har kan bishiya. Adda ta ce ita ba ta taɓa jin labarin bijimin ba. Ni na ji shi ya fi a ƙirga, amma ban faɗa ba.

"Wayar da na saya," ta ce. "Ni nake sa mata kati. Ni nake aiko a yi mata caji in ba wuta." Ta tashi ta shiga kicin, na ji tana buga tukwane da ba su yi mata komai ba.

Ta so ta kai ƙara, amma wa za ta kai? Murya ce kawai, ba gida, ba fuska, ba tsanin da zai manta a zaure. Ta so ta ɗauke wayar, mijinta ya ce in ta yi haka duk dangi za su ce ta hana uwarta Makka. Abin da ya fi sauƙi, ta zauna a gaban Inna ta yi mata bayani, shi ne abin da ba ta taɓa yi ba tunda aka haife ta.

Ana cikin haka Saifuddeen ya ce lokaci ya ƙure. Saura kuɗin fasfo da allura da guzuri, in ba a kammala ba a makon nan za a ba wata tsohuwa a Gumel kujerar. Inna ta aika wa Kawu Idirisu ya zo. Za a kai Wule kasuwar Jahun.

Na je na gaya wa Adda. Ta buɗe kabad ta dubi kwanon man, saura kaɗan a gindinsa, ta mayar ta rufe.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci duk muka haɗu. Kawu yana kan tabarma da sandarsa a gefe, fuskarsa ba daɗi, amma yayarsa ce, ba zai ƙi umarninta ba. Inna tana bakin ɗakinta, wayar a kan faifai kusa da ƙafarta. Adda tana inda ta saba zama, gindin bishiyar darbejiya, ta ba mu rabin baya.

"Auta," in ji Adda, "ki gaya wa mutanen gidan nan, mutumin nan ɓarawo ne. Babu kujera, babu gasa. In aka sayar da saniyar nan ta tafi ke nan."

Ban kai ga maimaitawa ba Inna ta ce, "Auta, ki ce wa ta Ringim, ɓarawo ba ya tambayar gwiwata."

Ledar maganin tana rataye a ƙusa saman kan Inna. Na ga Adda ta ɗaga ido ta kalle ta, ta sauke. Wannan saƙon ban isar da shi ba.

Sai wayar ta yi ƙara. Inna ta danna koren maɓalli da babban yatsa, muryar ta cika tsakar gida. Sallama, gaisuwa, gwiwar dama, gwiwar hagu. Ya tambayi ko Kawu ya iso, har ya gaishe shi da Fulatanci, "Jam na". Kawu ya amsa ciki-ciki.

"To Hajiya Inna," in ji Saifuddeen, "gobe in an sayar, Larai ta haɗo katunan gaba ɗaya, kar a rarraba."

Adda ba ta juyo ba, amma ta ɗaga murya. "Auta, tambaye shi ina ofishinsu yake. A can za mu biya, ni zan kai da ƙafata."



"Inna, wace ce wannan?" in ji Saifuddeen.

"Ta Ringim ce," in ji Inna a hankali.

"Wace ce ta Ringim?"

Kawu ya ce, "Babbar 'yarta ce."

"Af! Ai na gane." Ya yi 'yar dariya. "Inna, kar ki damu, muna gani kullum. Akwai 'ya'yan da ba sa son iyaye su ga ɗakin Allah, gado kawai suke jira. Wannan ba mai albarka ba ce. Faɗa min sunanta in rubuta, don kar ta zo kamfani ta ɓata miki takardu."

Inna ta kau da kai gefe.

"Inna? Sunanta nake tambaya."

Kawu ya ɗago kai ya dubi wayar. Ni na dubi Inna. Hannunta ya tsaya a kan gwiwarta.

"Haba Inna," ya ce, har yanzu da wasa a muryarsa, "'yar da kika haifa da cikinki, ko kin manta sunan ne? Faɗi mana, ina jira da biro."

"Kai," in ji Inna. Ba da muryar da take masa magana ba ce. "Ka ce kakarka 'yar ƙasar Jahun ce?"

"Ƙwarai kuwa."

"Ita ta raine ka?"

"A hannunta na tashi, Inna."

"Ba ta raine ka ba."

Ya fara wata magana da sauri, yana haɗawa da rantsuwa. Inna ba ta nemi jan maɓalli ba. Ta jawo ƙwaryar da ke gefenta ta kifa a kan wayar. Muryar ta ci gaba a ƙarƙashi, ƙarama, kamar ƙuda ya faɗa tulu, har ta gaji ta ɗauke.

Can Kawu ya gyara murya ya ce, "To Adda," don shi ma haka yake kiran tasa yayar, "gobe in kai saniyar ko in bari?"

Inna tana kallon ƙofar zaure ta ce, "A bar saniyar, Idirisu. Tana da mai ita."

Ban ga fuskar Adda ba. Bayanta kawai na gani, ya miƙe, kamar wadda aka kira daga nesa tana so ta tabbatar ita ake nufi. Ta daɗe a haka. Sannan ta tashi ta kakkaɓe zane, ta ce in ce ta tafi. Kwanon man wannan Juma'ar yana bakin zaure. Ta sunkuya ta ɗauka.

Na raka ta bakin titi neman mota. Na ɗauka za ta yi maganar saniyar, ko ta abin da Inna ta ce. Muna tsaye ta ce, "Kin ji yadda take masa dariya ran nan? Har da tari."

"Adda, ai ya wuce."

"Ya wuce da awaki, ya wuce da labarin bijimi." Ta gyara riƙon kwanon. "Shi ɓarawo ya samu. Ni da na kori masu tsani, nono aka ƙara min."

Mota ta tsaya, ta shiga, ta ɗora kwanon a cinya ta riƙe murfin da hannu biyu.

Saifuddeen ya sake kira kwanaki a jere. Inna ba ta taɓa wayar ba, har ya haƙura. Ba ta taɓa cewa ɓarawo ne ba, in maganar ta taso sai ta ce, "Yaron nan marar kunya." Makkar ce ta yi ta yi mata ciwo. Wani lokaci nakan gan ta a kan sallaya ta idar ba ta tashi ba, ta daɗe tana kallon gabas.

Kafin in tafi bautar ƙasa na ce bari in mayar wa Adda wayar, tunda ba mai amfani da ita. Inna ta ce in bar ta. Ta sa na ware wa lambar Adda ƙara daban, wata mai kamar ƙararrawar keke.

"Ki ce wa ta Ringim," in ji ta, "in ta kira ba sai an ɗauka ba. Ina ji."

Na isar da saƙon yadda aka ba ni. Adda ta taɓe baki ta ce, "Wato ni ƙararrawa ce." Amma washegari da la'asar keken ya yi ƙara a kan faifai. Inna tana tsintar shinkafa, ta dakata da hannunta a cikin tire har ƙarar ta ƙare, sannan ta ci gaba. Haka aka yi jibi, haka gata.

Da na dawo hutu na sami Adda a ofis, an kawo musu kwamfuta, an ture tafiretarta gefe an rufe da zane. Muna cikin hira wayarta ta yi ƙara sau ɗaya ta tsaya. Ta duba. Lambar Inna ce.

"Larai ce ta koya mata," ta ce, ba ta kalle ni ba. "In na makara sai ta yi min haka."

Ta riƙe wayar a tafin hannu tana jira, ko za ta sake. Ba ta sake ba. Adda ta danna ta kira, ta kara a kunne, tana sauraron ƙarar da ta san ba za a ɗauka ba har ta katse da kanta. Ta ajiye wayar a kan tebur, ta juyo gare ni.

"To," ta ce, "ba ni labarin bijimin nan. Yadda ta faɗa, kar ki rage komai."